A Tawa Tana Aiki

Wata huɗu na yi a Yamai ina saƙarta,
a ɗakin haya, bayan Katako,
layi bisa layi, kamar mai kitson tabarma.
Na gwada ta da hantsi, na gwada ta da tsakar dare,
ba ta yi tari ba ko sau ɗaya.
Na zuba ta a kile, na rataya a wuya,
na hau motar asuba zuwa Tawa.

Ofishin ƙungiyar masu albasa:
tebur guda, fanka mai kuka,
da tsohuwar na'ura da ta ga jiya ta ga yau.
Alhaji Nomau ya jera mutanensa a benci,
ya ce, "Ga yaron da zai raba mu da littafin bashi."
Na danna. Shiru.
Na sake. Sai wata ƙaramar taga ta leƙo
ta ce wani fayil ba ya nan,
abin da ban san ina jingine da shi ba,
don a gida yana tsaye tun fil azal,
kamar ginshiƙin da ba a gaisarwa.

Na ce, "Wallahi, a tawa tana aiki."
Hamsatu mai rubutu ba ta ko ɗago kai ba,
ta ce, "To, nan ma ai Tawa ce."
Benci ya kece da dariya,
gumi ya sami hanya a bayana.

Na fita gindin bedi da waya a sama,
kamar mai roƙon ruwa,
har abin da ya ɓata ya sauko, ɗigo-ɗigo.
Ta buɗe! An yi hamdala.

Sai muka sa sunan Ɗan Jimma.
Lanƙwasar kan harafinsa ta tsaya mata a wuya,
ta tofar da ita, ta dasa alamar tambaya,
kamar ba ta yarda da asalinsa ba.
Buhu sha biyu da rabi ake binsa;
na koya mata ɗigo, na'urar nan waƙafi ta sani,
sai ta haɗiye shi ta ce ɗari da ashirin da biyar.
Mutumin ya miƙe, hula a hannu:
"Yaro, gonata ko Galmi ce gaba ɗaya?"

Ban yi musu ba.
Na buɗe kundin da take rubuta koke-kokenta,
wanda ba mai karantawa sai an shiga uku.
Komai yana ciki, ashe:
inda ta yi tuntuɓe, da sa'ar, da dutsen.
Sa'ar ma ƙarya ce,
wani ɗan batir mai kamar dala ya mutu a cikinta,
tana tsammanin ba a haifi jikan Alhaji ba tukuna.

La'asar ta yi, na gyara uku.
Ina kan na huɗu aka ɗauke kuran.
Fanka ta ja numfashi ta tsaya.
Abin da ban adana ba ya bi ta.
Hamsatu ta miƙo mini cuku da shayi,
ta jawo tsohon littafinta, ta ci gaba da biro,
ba gori, ba magana.

Kwana biyu na yi a kan tabarmar mai gadi.
Na koya mata harafi mai ƙugiya,
na koya mata ta riƙa ajiya kafin duhu,
ni kuma na koyi tambayar gida
kafin in aiko masa baƙuwa.

Ran komawa, mun wuce Konni kaɗan,
barci ya fara ɗaukata, waya ta yi ƙara.
"Malam Arzika? Lissafi daidai, suna daidai.
Sai dai injin buga takarda
tun ɗazu yake fitar da fari fat."

Na dubi hanya, na dubi kilen wuyana.
Na ce, "Duba bayansa, Hamsatu.
Igiyar tana ciki kuwa?"